Matasa da Binciken Zaurukan Karatu na Intanet a Sudan: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da muka fara maganar cewa matasanmu Hausawan Sudan su riƙa binciken zaurukan karatun da suke gudanarwa a waya da kansu, tambayoyi ba su daina shigowa ba. Wasu daga nan Gadarif, wasu daga Kasala da Bur Sudan, wasu daga Mai Wurno da Damazin, har da 'yan'uwan da yaƙi ya kai Masar da Saudiyya. Yawancinsu saƙon murya ne. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a wuri ɗaya, don na gaji da aika amsa guda sau goma.

Yaya, wai mene ne "zauren karatu na intanet"? Ni dai guruf na sani.

Shi ɗin ne, kada sunan ya ruɗe ka. Duk inda mutane suka taru a waya don wani ya koya wa wani abu, suna dawowa yau da gobe har sun san juna, zauren karatu ne. Guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu bitar lissafi kafin jarrabawar shahada yana ciki. Tashar Telegram da ɗaliban likitanci ke zuba laccoci tana ciki. Haka halkar hadda, inda yarinya a Kasala ke tura karatunta ta saƙon murya, malamarta a Madina ta saurara ta gyara mata. Har guruf ɗin masu ɗinki da ke nuna wa juna yadda ake yanka riga.

Akwai kuma manyan dandamali masu rajista da takardar shaida, irin su Edraak na Jodan da Rwaq na Saudiyya da Coursera. Amma a wajenmu, ƙananan nan marasa ofis marasa tambari su ne suka ɗauki nauyin karatu lokacin da makarantu suka rufe.

Mutane na gudun ceton rai, ku kuna maganar bincike. Wannan lokacinsa ne?

Na fahimci mai wannan tambaya, kuma ban ga laifinsa ba. Amma mu duba abin da ya faru. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Zuwa Oktoban shekarar, UNICEF da Save the Children suka ce yara kimanin miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta. A garuruwan gabas, azuzuwa sun zama ɗakunan kwanan 'yan gudun hijira. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, ɗaliban Jami'ar Jazira suka watse kamar yadda na Kartum suka watse tun farko. Jarrabawar shahadar da ya kamata a yi a 2023 ba a zauna ta ba sai a ƙarshen Disambar 2024, kuma yara da yawa a yankunan da ake faɗa ba su samu zama ba.

A cikin wannan tsawon lokaci karatu bai mutu ba, waya ya koma. Su wa suka riƙe shi? Ɗalibin jami'ar da karatunsa ya tsaya, yana koyar da ƙannensa da ƙannen maƙwabta. Malamar da albashinta ya yanke, tana ɗaukar hoton allo tana turawa. Kowa ya ji labarin ɗakunan agajin gaggawa da takaya (wuraren dafa abinci kyauta), inda matasa suka ciyar da unguwanni, kuma duniya ta yaba musu. Abin da suka yi a fannin karatu bai gaza wannan ba, sai dai ba a rubuta shi ba. Wayoyi na ɓata, guruf na mutuwa, mutane na mantawa. In an zo sake gina makarantu, masu tsara manufofi za su nemi hujja a rubuce. In ba su samu tamu ba, za su yi aiki da wadda aka rubuta a wata ƙasa game da wasu yara.

Me kuke nufi da matasa su "jagoranci" bincike? Ai dama mu ake ɗauka mu cike fom.

Nan ne gizo ke saƙa, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Kafin yaƙi na taɓa yi wa wata ƙungiya aikin tattara bayanai. Aka ba mu kwamfutar hannu da jerin tambayoyi da aka rubuta da Turanci aka juya Larabci, mu kuma mu juya su Hausa a baki idan mun shiga gidajen mutanenmu. Ɗaya daga ciki tana tambayar awa nawa mace ke yi a intanet "a wayarta". Matar farko da na tambaya ta yi dariya, ta ce wayar ta ƙanin mijinta ce, sai ya dawo daga kasuwa bayan isha take samu, su huɗu suke jira. Babu gurbin wannan amsa a fom ɗin. Ko dai in rubuta ba ta da waya, wanda ke nufin ba ta karatu, ko in rubuta tana da ita, wanda ƙarya ne. Na kai maganar gaba aka ce an riga an amince da tambayoyin daga sama, ba a taɓa su. Muka gama, aka biya mu, har yau ban ga rahoton ba.

Wannan aikin ƙwadago ne, kuma halal ne, amma ba jagoranci ba ne. Bincike yana da gaɓoɓi: wane ne ya zaɓi tambayar da za a bi, wane ne ya tsara yadda za a tambaya, wane ne ya tattara, wane ne ya zauna ya fassara ma'anar abin da aka tattara, wane ne ya rubuta, wane ne ya yanke inda za a kai sakamakon. Abin da aka saba ba matashin Afirka shi ne gaɓa ta uku kaɗai. Wanda ya riƙe ta farko da ta huɗu shi ne mai binciken, ko da bai taɓa taka unguwar ba.

A 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya zana wa UNICEF wani tsani mai matakai takwas na yadda ake shigar da yara da matasa cikin ayyuka. Matakai uku na ƙasa ya ce ba shigarwa ba ce ko kaɗan: a juya su yadda ake so, a yi ado da su, ko a zaunar da su don a ce an zaunar. Duk wanda ya taɓa zuwa taron da aka ba shi riga da hula aka ɗauki hoto ya san waɗannan matakai. Na can sama shi ne inda matasa suka fara abin da kansu, sannan suka yanke shawara tare da manya. Idan aka gayyace ka wani bincike, yi tambaya ɗaya: in na ga tambayar nan ba ta dace da mutanenmu ba, ina da ikon canza ta? Amsar za ta nuna maka matakin da aka ajiye ka.

Shekara nawa ne matashi?

Yarjejeniyar Matasan Afirka da Tarayyar Afirka ta amince da ita a Banjul a 2006 ta ce daga 15 zuwa 35. Mu ma da ita muke aiki. Wanda bai kai 18 ba yana shiga, amma da yardar iyayensa.

Ustaz, karatuna ya tsaya a shekara ta biyu a jami'a. Wani ma ko sakandare bai gama ba. Za mu iya?

Za ku iya. Abubuwan da ake buƙata a farko ana koyonsu cikin 'yan makonni: yadda ake tambaya ba tare da an sa wa mutum amsa a baki ba, yadda ake saurare a yi shiru, yadda ake rubuta abin da aka ji daban da abin da kai ka fahimta, da yadda ake adana sirri. Ƙididdiga mai zurfi ce ke buƙatar malami, kuma akwai malaman jami'o'inmu da yawa da ke zaune babu aji, wasu a nan wasu a waje. A nemi ɗaya ya duba aikin.

Ni a ganina wanda ya shekara yana admin na guruf mai mutum ɗari uku, yana sasanta rigima, yana korar masu tallan magani, yana lallashin malami kada ya gudu, ya riga ya san rabin abin da ake son ganowa. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi gwada abin da yake zato, ya ga ko gaskiya ne.

To me ɗan gida zai gani wanda ƙwararre daga waje ba zai gani ba?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga misalai daga abin da muka saba.

Na farko harshe. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar hajji, wasu kuma sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nil Azrak kusa da Sinnar. Fiye da shekara ɗari ke nan. Hausa muke yi a gida, amma da Larabci muka yi makaranta. Da yawa daga cikinmu ba sa karanta Hausar boko da sauri. In za su rubuta Hausa, da haruffan Larabci suke rubutawa, ko su danna su yi magana. Mai binciken da ya ji an ce "Hausawa ne" ya ɗauko fom ɗin da aka yi amfani da shi a Kano, zai koma ya rubuta cewa mutanen ba su iya karatu ba. Wanda kuma ya zo da manhajar ƙirga saƙonnin rubutu zai ce guruf ɗin ya mutu, alhali darasin gaba ɗaya yana cikin saƙonnin murya. Kuma a cikin muryar nan, malami na karanta tambaya da Larabcin littafi, ya yi bayani da Larabcin Sudan, in abu ya ƙi shiga ya sauko Hausa. A wace gaɓa yake saukowa Hausa, kuma me ya sa? Wannan tambaya ce ta bincike mai kyau, kuma sai mai harsunan uku ne zai ma lura da ita.

Na biyu shiru. A manyan dandamali, wanda ya daina shiga ana lissafa shi cikin waɗanda suka watsar. A Gadarif, in lokacin yankan riɗi ya zo wajen Oktoba, samari kan ɓace daga guruf su tafi gona, su dawo bayan an kai amfani kasuwa. Ba watsarwa suka yi ba. A Fabrairun 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, wasu yankunan suka yi watanni babu shabaka, wato netwok. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wajen masu Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam. Wanda ke da awa ɗaya ba ya tsayawa hira: ya sauke darussan mako, ya karɓi kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, ya gaida 'yan'uwa, ya tashi. A idon na'ura wannan ɗalibi ne marar himma. A zahiri zai je ya tura darussan nan wa mutum biyar ta bulutut a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa. Lamba ɗaya a guruf tana iya zama gida guda.

Na uku tarihi. Ɗaukewar intanet ba baƙon abu ba ne a wajenmu. An yi ta fiye da wata guda bayan tarwatsa masu zanga-zanga a Kartum ranar 3 ga Yunin 2019, an sake yi bayan juyin mulkin Oktoban 2021. A 2014 Coursera ta toshe masu shiga daga Sudan na wani lokaci saboda takunkumin Amurka, takunkumin da ba a ɗage ba sai 2017. Matashin da ya taso cikin wannan ya koyi kada ya dogara da dandamali ɗaya, ya riƙa saukewa yana ajiyewa. Wanda bai san wannan ba zai ga ƙarancin 'yan Sudan a wasu dandamali ya ce ba su da sha'awa.

Amma ɗan gida ba zai yi son kai ba? Wa zai rubuta aibin guruf ɗinsa?

Zai iya yi, kuma wannan ita ce suka mafi ƙarfi da ake mana. Admin yana son a ce zaurensa ya yi amfani. Ɗalibi ba zai faɗa maka malaminsa ba ya iya bayani ba in ya san malamin yayanka ne. Akwai kuma abin da ido ya saba da shi har ya daina gani.

Maganin da muka ga yana aiki shi ne musaya: na Kasala ya binciki zauren Gadarif, na Gadarif ya binciki na Kasala, harshe ɗaya amma babu jin nauyi. Sannan a nemi waɗanda suka fita daga guruf a ji daga bakinsu, don waɗanda suka zauna ai masu jin daɗinsa ne. Mutum biyu su saurari hira ɗaya kowa ya rubuta abin da ya fahimta kafin su haɗa. A rahoto kuma mai bincike ya faɗi alaƙarsa da zauren tun a shafin farko. Baƙo ma yana da nasa son kan, sai dai nasa ba a cika tambayarsa ba.

Ɗana, yanzu yara ne za su binciki malamansu? Ina ladabi?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba malami ake bincike ba, hanyar karatun ake dubawa: wane lokaci ya fi dacewa, wane irin saƙo ya fi shiga, me ke hana wasu tambaya. Kuma ba mu ce a ture manya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, shi ya sa muke so kowane rukuni ya samu dattijo ko malami da zai duba tambayoyin kafin a fita, ya ce wannan za ta ɓata wa mutane rai, waccan a sake mata lafazi. Abin da muke roƙo shi ne a bar yaran su zaɓi abin da za su bincika, don su ne ke cikin wayar dare da rana. Ko a halwa, wato makarantar allo, ai babban almajiri ne ke sanin wanda bai wanke allonsa ba.

Admin ya ba ni izini. Zan iya kwashe hirar guruf in yi aiki da ita?

A'a. Admin yana da ikon shigar da mutum da fitar da shi, ba shi da ikon bayar da maganar wani. Yarinyar da ta yi tambaya a guruf ta yi ta ne ga 'yan ajinta, ba ta san za ta ƙare a rahoto ba. WhatsApp na ɗaukar mutum har 1,024 a guruf, Telegram har 200,000, kuma kwashe hirar abu ne na minti ɗaya. Sauƙinsa bai halatta shi ba.

Yadda ya dace: a sanar a guruf da rubutu da kuma murya, da Hausa da Larabci, a faɗi wane ne ke binciken, me zai duba, ina sakamakon zai je. A ba mutane kwanaki su yi tambaya. Wanda ya ce kada a taɓa saƙonsa, a tsallake shi, kuma kada hakan ya jawo masa komai a karatunsa. Hira ta mutum ɗaya kuwa sai da yardarsa a fili, kuma yana iya janyewa ko bayan an gama. In ba ya son sa hannu a takarda, ya faɗi yardarsa da baki a naɗa.

Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari da kalmar bincike. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, aka shekara da shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Labarin ya iso har nan. Namu binciken ba na magani ba ne, amma in wata uwa ta tambaye ka "me za ku yi da muryar 'yata?", ka tabbata kana da amsa ta gaskiya.

Wayata ana bincikarta a shingen hanya. In aka ga hirarraki da sunayen mutane fa?

Wannan ta fi duk sauran muhimmanci, kuma in tsaro da bincike suka ci karo, bincike ne zai haƙura. Kada ka yi tafiya da hirar da ka naɗa a waya. Ka tura ta inda aka amince, ka goge, ka duba kwandon shara na wayar ma. Kada a rubuta sunan kowa tare da amsarsa. A ba kowa lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna wajen mutum ɗaya a wuri ɗaya. Kada a tambayi abin da bai shafi karatu ba: ra'ayin siyasa, wanda mutum ke goyon baya, inda 'yan'uwansa maza suke. In mutum ya fara ba da irin wannan labari da kansa, a tsayar da naɗin.

A kula da bayanin da ke tona mutum ko babu suna. "Malamar kimiyya da ta gudo daga Sinja tana zaune a makarantar kaza" suna ne, duk unguwa ta san ta. Mu da muka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nil Azrak a Yulin 2022, da yadda kalmomi a Facebook suka ƙara wa wutar mai, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan jerin sunaye da ƙabila a wayar da ta faɗa hannun da bai dace ba.

'Yan mata fa? A gidanmu ba za a bar ni in je hira da baƙi ba.

Ƙanwata, ba sai kin fita ba. Yawancin hirar ana yin ta ta saƙon murya, kina ɗakinku. Kuma zaurukan mata, musamman na hadda da na sana'a, namiji ba ya shiga, in ya shiga ma magana ta canza. In babu mata a masu binciken, rabin labarin ya tafi. Tambayoyi irin su wa ke riƙe da wayar, ƙarfe nawa take samunta, me ya sa take karantawa ba ta taɓa magana ba a guruf ɗin da ke da maza, me ke faruwa in wani ya ɗauki lambarta ya bi ta ta gefe, mace ce za ta yi wa mace su ta samu amsa. Abu ɗaya nake jan kunne a kai: kada a bar wa mata tattarawa, maza su riƙe rubutu da gabatarwa. In aka yi haka mun maimaita abin da muke kuka da shi, a cikin gida.

Da wane kayan aiki?

Waya, littafi da biro. In ana son fom, KoboToolbox na aiki babu intanet a wayar Android, yana karɓar Larabci, ana tura amsoshin in an samu shabaka. Juya hirar murya zuwa rubutu kuwa da hannu za a yi. Manhajojin da ke yin wannan suna rikicewa in Hausa da Larabcin Sudan suka cakuɗe a jimla ɗaya, kuma bai kamata a ɗora muryar mutane a inda ba a san mai ajiye ta ba. Hirar rabin awa tana iya cin awa biyu ko uku wajen rubutawa, a sa wannan a lissafi.

Akwai kuɗi a ciki?

In ku kuka fara da kanku, babu, sai abin da kuka haɗa na data da cajin waya. In wata ƙungiya ko jami'a ce ta zo da aikin, to a yi maganar kuɗi tun farko kuma a rubuce. A biya lokacin zaman tsara tambayoyi da na nazari, ba ranakun yawo kaɗai ba, don in ranar tattarawa kawai ake biya, an riga an faɗa maka matsayinka. A biya datar waɗanda aka yi hira da su. A kuma yi la'akari da yadda kuɗinmu ke zubewa: abin da aka yi alkawari yau, in an biya bayan wata huɗu ya zama wani abu daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mun ga irinsa.

Abin takaici, a Kartum ne a 2006 Tarayyar Afirka ta amince kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan bincike. Yawancin ƙasashen ba su kai ba. Shi ya sa kuɗin bincike ke zuwa daga waje, tambayoyin ma su biyo shi.

Sunan wa zai fito a rahoton, kuma bayanan na wane ne?

Wanda ya sa hannu a tsara binciken ko fassara sakamakonsa ko rubuta shi marubuci ne, sunansa ya hau gaba, ba cikin layin godiya a ƙarshe ba. Ana yin haka a Afirka. Masakhane, haɗakar masu binciken fasahar harsunan Afirka da ta fara a 2019, ta fitar da wata takarda a 2020 mai marubuta fiye da 40, ciki har da waɗanda ba su da babban digiri, saboda kowa ya yi aiki. A halin da muke ciki wani zai fi son a ɓoye sunansa don tsaro. Wannan zaɓinsa ne shi, ba wani zai zaɓa masa ba.

Bayanan kuwa a rubuta tun farko wa zai ajiye su, har yaushe, kuma wa zai ba da izini in wani ya nemi amfani da su nan gaba. Sakamakon ya fara komawa zauren da aka bincika kafin ya je ko'ina, cikin saƙon murya na 'yan mintuna da harshen da suke ji. Sau da yawa a nan ne wani zai ce "ba haka ba ne", kuma ya fi a ji wannan kafin a buga.

Ina Jidda, iyayena 'yan Madani ne. Zan iya shiga daga nan?

Sosai ma. Zaurukan da yawa dama a warwatse suke: malami a Makka ko Madina, ɗalibai a Gadarif da Alƙahira, wani a Kano cikin ɗaliban Najeriya da aka kwashe daga Kartum a 2023. Saudiyya na gaban Sudan da awa ɗaya, Sudan na gaban Najeriya da awa ɗaya, har sa lokacin darasi ma abin dubawa ne. Ku da ke da wuta da intanet tsayayye kun fi dacewa da rubuta hirarraki da ajiye bayanai. Sai dai ku kiyayi abu ɗaya: mai intanet mai ƙarfi shi ke yawan magana a taro, sannu a hankali sai ya zama shi ke yanke shawara. A jira na cikin gida su samu shabaka kafin a rufe magana, ko da zai ɗauki kwana uku. Ku kuma kiyaye dokokin ƙasar da kuke zaune game da tattara bayanan mutane.

Mu huɗu ne, muna da guruf na bitar shahada. Daga ina za mu fara?

Ku zauna kowa ya faɗi abu ɗaya da ke ba shi mamaki ko haushi game da guruf ɗin. Ku zaɓi guda, ƙarami, wanda za a iya amsawa cikin wata biyu. "Tasirin fasaha ga ilimi a Afirka" ba naku ba ne yanzu. "Me ya sa mutum goma ne kawai ke tambaya a cikin ɗari biyu?" naku ne. Ku rubuta abin da kuke zato ne dalili, ku ajiye takardar. Ku nemi malami ɗaya ya duba tambayoyinku, ku sanar a guruf, ku gwada su a kan mutum biyu ku gyara. Sannan ku yi hira da goma sha biyu zuwa goma sha biyar: masu magana, masu shiru, da waɗanda suka fita, maza da mata. In kun gama rubutawa ku ɗauko takardar zaton nan ku kwatanta da abin da kuka ji, ku naɗa sakamakon cikin minti biyar ku tura guruf ranar Juma'a da yamma, lokacin da aka fi samun mutane a waya.